Gwaggo da Akuyar Kirsimeti

Gara in faɗa tun farko cewa ban amince da tunanina ƙwarai ba. Yawancin abin da zan rubuta ya faru ne ina yaro, a shekarun da aka sami 'yancin kai, kuma na lura akwai abubuwan da nake gani sarai a raina waɗanda Yayata ta ce sam ba haka aka yi ba. Inda na tabbata zan ce na tabbata, inda nake shakka zan nuna. Na daɗe ina jinkiri kafin in ɗauki alƙalami, domin wasu daga cikin mutanen da zan ambata suna da rai, kuma dangina ne. Saboda haka ba zan kira sunan kowa ba, sai dai abin da yake a gare ni.

Gwaggo, yayar mahaifinmu, wadda ta rene ni da Yaya bayan rasuwar mahaifiyarmu, ta cika a Birnin Kebbi a ɗakin Yaya. Abin da na gani ranar da muka binne ta shi ya hana ni yin shiru.

Majami'a ta cika har waje. Matan zumunta sun sha anko, suna ta kuka, ciki har da waɗanda ba su taɓa leƙo ta ba duk tsawon jinyarta. Wata ta tsayar da ni a bakin ƙofa ta tambaye ni a hankali, "Wai tsohuwar nan ita ce mai kifi, ko mai ƙosai?" Na ce mai kifi. Ta shiga ciki, kuma in ban yi kuskure ba, muryarta ce ta fi ta kowa tashi.

Sai aka ba Kawu dama ya yi magana. Kawu wan mahaifiyarmu ne, kuma dattijon ikilisiya tun ban san kaina ba. Ya tashi yana dogara sanda, ya share ido, ya ce, "Wannan baiwar Allah ta nuna mana yadda ake renon yara cikin bangaskiya. Ni shaida ne. Tare muka yi aikin." Jama'a suka ce amin. Yaya ta kama wuyan hannuna ta matse, har farcenta ya bar mini shaida.

Bayan an dawo daga makabarta aka zauna cin abinci. An sayi sa, samarin majami'a suka yanka da hannunsu. A gefen rumfa, kan tabarma, akwai baƙi daga Argungu: Inna, matar marigayi mai gidan da muka zauna a can, da 'ya'yanta maza. Musulmi ne, masunta. Tun asuba suka taso. Aka ajiye musu shinkafa da nama. Inna ta dubi kwanon, ta yafito Yaya, ta ce ƙasa-ƙasa, "Ɗiyata, wa yay yanka?" Yaya ta juya ta dubi samarin majami'a. Inna ta gyaɗa kai, ta ce, "Ba komi. Mun ƙoshi. A ba mu ruwa." Ba su ma gama miƙewa ba wasu mata suka zo suka juye abincin nasu a kwanukan da suka zo da su daga gida, suna gardamar wa ya fara gani.

Wanda bai san Gwaggo ba zai ce wannan ƙaramin sakaci ne na ranar hidima. Wataƙila haka ne. Amma a kan wannan tambaya ta wa ya yanka aka raba Gwaggo da yaran da take reno, kuma mutumin da ya raba su shi ne ya tsaya yana cewa tare suka yi aikin. Tun ranar nan abinci bai yi mini daɗi ba.

Mu mutanen tsakiyar ƙasa ne, daga cikin duwatsu. Aiki ya kawo Baba yankin nan, yana cikin masu gyaran hanya, ba ya kwana gida sai jefi-jefi. Da mahaifiyarmu ta rasu, Gwaggo ta bar ƙauye ta zo. Mijinta ya daɗe da rasuwa, kuma Allah bai ba ta haihuwa ba. Muka kama ɗaki biyu a Argungu, a gidan wani masunci da Gwaggo ta ce mu riƙa kira Baffa, matarsa kuma Inna. Gwaggo tana sarin kifi a hannunsa, ta yi banda, ta kai kasuwa. Har yau in na ji warin hayaƙi da kifi, sai in ji kamar za a ce in rufe ido a yi addu'a.

A lokacin, iyakar sanina, babu majami'a a kusa da mu, sai an je Birnin Kebbi. Don haka duk abin da muka sani game da Yesu a bakin Gwaggo muka ji shi. Ba ta da agogo. Kiran sallar asuba ne yake tashinta, ta zo ta yaye mana mayafi tana cewa, "Ladan ya tashi mutanensa. Ku kuna jira a aiko muku da naku ne?" Sai mu durƙusa kusa da murhun banda, ido na yaji. Addu'arta ba ta da ado. Takan yi wa Allah magana kamar tana ba maƙwabci labari. Ta ambaci Baba a kan hanya, ta ambaci Baffa a kan ruwa, wata rana har na ji ta ce, "Da matar da ta zage ni jiya a kasuwa, ka yi mata albarka, ko da yake ni ban huce ba tukuna."

Ranar Lahadi ba ta hura wutar banda. Mukan yi wanka, mu sa kayan da aka wanke, mu zauna a ɗaki. Yaya ce mai karanta Littafi Mai Tsarki, don Gwaggo tana karatu da ƙyar, tana bin baƙaƙe da yatsa. In an gama sai ta ce, "To, me aka ce?" Wanda ya maimaita kalmomin kamar aku ba ta yarda. Sai ka faɗa da bakinka, ka kuma faɗi wanda maganar ta shafa a cikin gidan nan. Akwai ƙoƙon baiko, wato na sadakar Lahadi, amma ba kuɗi ake sawa ba. Kowa yakan rage wani abu daga rabonsa, ɗan kifi ko damƙin shinkafa, Yaya ta kai wa wata makauniya a bayan gidanmu.

Ba na so in mai da ita abin da ba ita ba, don an yi hakan isasshe ranar jana'iza. Gwaggo tana da zafin hannu. Muciya ta sha sauka a bayana. Ba ta iya yabo ba, in ka yi abin kirki sai ta ce, "Da ma me ya kamata ka yi?" Tana cusa garin taba a leɓe, ta juya baya don kada mu gani. Kuma tana da riƙo. Abu ɗaya da ba ta sassauci a kansa shi ne ƙarya. In ka fasa tulu ka faɗa, faɗa kawai za ka sha. In ka ɓoye, ranar ka shiga uku.

Masu cewa ta sake mu cikin Musulmi ba su san ta ba. Na tuna ranar da Baffa yana gyaran taru ya ce mata, "Yaron ga na da kai. Ki bari shi bi ɗiyana wurin malam, ko baƙi shi koya."

Gwaggo ta ce, "Baffa, kifinka ina so, ruwan rijiyarka ina sha. Yaron nan kuwa yana da Mai shi."

Baffa ya yi dariya har taru ya faɗi. "Kai, matar ga! Ta hi giwan ruwa ƙarhin kai." Bai sake ta da maganar ba.

Wata rana kuma ta same ni a bakin gulbi na shiga sahun 'ya'yan Baffa, suna salla ina kwaikwayonsu. Ta jira suka idar, ta ja kunnena zuwa gefe. "Su da gaske suke yi. Kai da gaske kake yi?" Na ce a'a. Ta ce, "To ba'a kake yi musu ke nan. Kana da taka addu'ar. Kada in ƙara gani."

Ga al'adar da ta jawo komai. In babbar salla ta zo, Inna takan aiko mana da naman layya, Gwaggo ta karɓa, ta sa mu yi godiya ga Allah, mu ci. In Kirsimeti ya zo, Gwaggo takan sayi akuya, amma ba Baba ke yankawa ba. Baffa take kira, domin Musulmin unguwar ba za su ci yankan da ba na Musulmi ba. In Baffa ya yanka, kowa a gidan da maƙwabta sai ya samu. Ba ita ta ƙirƙiro wannan ba. Na ji daga baya cewa gidajen masu bi da yawa a arewa haka suke yi. Sai dai ba kowa ne ya yarda da shi ba.

Kirsimetin da ya biyo bayan samun 'yancin kai, ko wanda ya bi shi, ban tabbata ba, Kawu ya zo daga Birnin Kebbi da matarsa. Akawu ne a lokacin, mai farar riga da alƙalami a aljihu, kuma shi ya samar wa Baba aikin hanya. Ya ce ya zo ne ya jagorance mu a sujada ta gaskiya, wato taron ibada irin na majami'a, tun da muna zaune ba makiyayi. Suka kwana. Da safe ya fito da Littafi a hammata, sai ya tarar Baba ya danne akuya, an juya ta gabas, Baffa yana gwada kaifin wuƙa a babban yatsa.

"Tsaya! Me nake gani haka?"

Baffa ya ɗago kai. "Lahiya, malam?"

Kawu bai dube shi ba. Ya juya yana magana da yarenmu don kada Baffa ya ji. Gwaggo kuwa ta riƙa amsa masa da Hausa don ya ji.

"Ranar haihuwar Mai Ceto, a gidan masu bi, wanda bai ba da gaskiya ba shi zai zub da jini? Da wane suna?"

"Da sunan Allah. Ka taɓa jin ya kira wani?"

"Kin san abin da nake nufi."

"Na sani. Kai ma ka san abin da nake nufi. Akuya ɗaya ce, gidan nan kuwa muna da yawa. In ƙanena ya yanka, mu kaɗai za mu ci, yaran Inna suna kallon bakinmu. Irin bikin da kake so in koya wa yaran nan ke nan?"

Baffa ya juya wuƙar ya miƙa wa Kawu ƙotar. "Malam, ga ta. Akuyarku ta, ni ba ni jin haushi. Ku ci, mu yi muku barka."

Kawu bai karɓa ba. Ina jin bai taɓa yanka ko kaza ba. Baba yana durƙushe a kan akuya, idonsa a ƙasa. Gwaggo ta ce, "Baffa, rana tana yi. Yanka." Ya yanka.

Kawu da matarsa ba su taɓa naman ba. Wannan hakkinsu ne, ban ga laifinsu a nan ba. Abin da ya biyo baya ne ban iya haɗiyewa ba har yau. Inna, don ta gyara zaman, ta dafa shinkafa da kifi musamman saboda baƙi, ba ko ɗigon romon akuya, ta rufe da faifai ta kawo da kanta. Matar Kawu ta karɓa hannu biyu, tana murmushi, tana ta sannu da aiki. Inna na juya baya ta ce da yarenmu, "Wa ya san abin da suka tofa a ciki?" Ta zaga bayan ɗaki ta juye shi cikin kwata, inda ruwan wanka da na wanke-wanke ke bi. Na ga farar shinkafa tana nutsewa cikin baƙin ruwa, kan kifi yana sama, agwagi sun taru suna wawa.

Ta nan hanyar rijiya take. Inna ta zo da guga, ta tsaya, ta daɗe tana kallo. Sai ta ce, "Agwagi ma sun yi Kirsimeti." Ta wuce. Da Gwaggo ta ji, ta je har ɗakin Inna ta durƙusa, abin da ban taɓa ganin ta yi wa ɗan Adam ba. Inna ta ce, "Tashi, ba ke ta ba." Abin da Gwaggo ta faɗa wa matar Kawu bayan nan ba zan rubuta ba. Na riga na ce tana da zafi. Ba a yi sujadar da aka zo yi ba. Kawu da matarsa suka kama motar yamma.

Ba a daɗe ba saƙo ya zo cewa dattawan ikilisiya suna neman Gwaggo a Birnin Kebbi. A wajen mutanenmu kawu yana da baki a kan 'ya'yan ƙanwarsa, wani lokaci ma fiye da uba, musamman uban da yake cin abinci ta hannunsa. Kawu ya ce ba zai bar jinin ƙanwarsa ya tashi da yankan Musulmi da naman layya ba. Dattawa suka yanke haka: Gwaggo ta tsaya gaban jama'a ranar Lahadi, ta ce ta yi zunubi, ta yi alkawarin ba za ta ƙara ba. In ta yi, yara su ci gaba da zama a hannunta. In ta ƙi, a sa ta horo, wato ta koma bencin baya kuma a hana ta Jibin Ubangiji, gurasa da ƙoƙon da ake raba wa masu bi, yara kuwa su koma gidan Kawu.

Muka tafi ranar Asabar, mu huɗu har da Baba, a bayan babbar mota cikin buhunan albasa. Yaya ta ce duk tsawon hanya tana jin Gwaggo tana maimaitawa ƙasa-ƙasa, "Na yi zunubi, ku gafarta mini. Na yi zunubi, ku gafarta mini." Ni ban ji ba, amma na yarda da Yaya. Wato da niyyar faɗa ta tafi.

Majami'ar a lokacin ɗaki ɗaya ce ta ƙasa da rufin kwano, masu bi ba su da yawa, kusan duk 'yan yankinmu ne, ma'aikata da matansu. An zaunar da ni da Yaya a gaba, ina jin don mu koyi darasi. Bayan wa'azi mai bishara ya kira ta. Ta fito, ta gyara ɗaurin zane, ta buɗe baki. Sai idonta ya faɗa a kanmu. Ta tsaya tana kallonmu har mutane suka fara motsi a benci.

Ba zan rantse da kowace kalma ba, amma kusan haka ta ce: "Na zo in ce na yi zunubi. Tun daga Argungu nake neman zunubin, ban same shi ba. Zagin da na yi wa matar Kawun yaran nan, wannan na yi, kuma ina roƙon gafara. Amma akuya, ban ga laifina ba. In na ce na gani, ƙarya na yi a ɗakin Allah, ga kuma yaran nan suna kallona. Ni nake dukansu a kan ƙarya."

Kawu ya ce daga inda yake zaune, "Kun ji ko? Girman kai."

Mai bishara ya ce, "Mama, kalma biyu ce kawai. Ki duba yaran nan."

Ta ce, "Su nake dubawa."

Ta taka da kanta zuwa bencin baya ta zauna. Yaya ta fashe da kuka. Ni ban gane abin da ya faru ba sai da aka tashi, na ga Baba yana miƙa wa matar Kawu ƙullin kayanmu. Ashe an zo da su tun daga gida. Ban san ko Gwaggo ce ta ɗaure su ko Baba ba, kuma ban taɓa samun ƙarfin halin tambaya ba.

Dole in yi wa Kawu adalci. Shi ya sa ni a makaranta mai kyau, ya tsaya a kan karatuna, kuma ba don shi ba wataƙila da ban ga ƙofar jami'a ba. Ba ya shan giya, bai taɓa fashin sujada ba, kuma ina jin ya gaskata cewa ceton mu yake yi. Na faɗi wannan don kada a ce na ɓoye.

Amma ga yadda aka rene mu cikin bangaskiya a gidansa. Kowace yamma akwai addu'a, da Littafi da dorina a kan tebur ɗaya. Kowa ya kawo ayar da ya haddace. In ka yi tuntuɓe a kalma, ba tuwo. Na haddace da yawa a gidan nan, ba wanda ya taɓa tambayata me aka ce.

Da babbar salla ta zo, yaran maƙwabta suka riƙa shigowa da kwanukan nama. Matar Kawu tana karɓa tana cewa, "Kai, mun gode! Allah ya maimaita mana!" Suna fita sai ta miƙa wa Yaya, ta nuna mata masai. Lokacin zafi ne. Yaya takan ɗaga murfin, ƙudaje su taso mata a fuska, ta zuba soyayyen nama a ramin, mu kuwa rabonmu da nama tun Argungu. Warin da ya riƙa tashi daga wurin a kwanakin da suka biyo baya, ban san yadda zan kwatanta shi ba. Yaya ta yi amai har ta galabaita. Sai a wanke kwanon tas, a zuba gyaɗa a ciki, a ba ni in mayar. Kafin in fita matar Kawu takan riƙe kafaɗata ta ce, "In sun tambaya, me za ka ce?" In ce, "Ya yi daɗi." Ta ce, "Yawwa, yaron kirki." A gidan dattijon ikilisiya aka fara yaba mini don na iya ƙarya, kuma na iya ta sosai.

Da sun ce wa maƙwabtan nan, ku yi haƙuri, mu ba ma ci, da na girmama su. Na san masu bi na kirki da suke yin haka, kuma maƙwabtansu ba su ƙi su ba. Murmushin ne na kasa yafewa.

Gwaggo takan zo duk lokacin da ta samu hali, ta kwana a wurin wata 'yar garinmu, ta shigo sujada ta zauna a bencin baya ita kaɗai. In ana Jibin Ubangiji, mai rabo yakan zo daidai bencin da ke gabanta ya juya. Bayan an tashi sai ta jira mu a jikin bango. Ba a hana ta ganinmu ba, amma ba a ce ta shigo gida ba. Takan duba kanmu ko akwai ƙwarƙwata, ta duba farce, ta ce, "Kuna addu'a, ko kuna karanto wa Kawunku?" Sai ta ba mu ƙunshin bandar kifi mu kai gida. Kifin Baffa ne, kowa ya sani. Wannan kam ba a taɓa kai shi masai ba. Kawu yana son kai.

Yaya ta koma wurin Gwaggo bayan wasu shekaru, lokacin da 'ya'yan matar Kawu suka yi wayo, ba a bukatar mai goyo. Ba a kira taron dattawa ba, ba a tambayi ko Gwaggo ta daina kiran Baffa ba. Ba ta daina ba. An dai sa Yaya a mota. Ni kuwa daga gidan Kawu makarantar kwana na wuce, daga nan jami'a, daga nan aiki. Ban sake zama ƙarƙashin rufi ɗaya da Gwaggo ba sai ɗan hutu. Horon ma ban san ranar da aka ɗage shi ba. Yaya ta ce wani sabon fasto ne ya zo, ya tambayi dalilin da tsohuwar nan take zama a baya, ba wanda ya so ya ba shi amsa, sai kawai ya miƙa mata ƙoƙon Jibin Ubangiji.

Sau ɗaya na tambaye ta. Na gama jami'a, ta riga ta tsufa, ta dawo wurin Yaya a Birnin Kebbi. Tana tsince tsakuwa a shinkafa. Na ce, "Gwaggo, da kin faɗi kalma biyun nan ranar, da ba a ɗauke mu ba."

Na zaci za ta yi mini tsawa. Ta ci gaba da tsinta, ta ce, "Ka ɗauka ban sani ba? Duk sanda na hau mota zan koma Argungu ni kaɗai, abin da nake tunani ke nan. Wata rana in ce na yi daidai. Wata rana in ce Kawunka ya faɗi gaskiya, girman kai ne, na sayar da yarana saboda akuya. Na tambayi Allah, bai ce mini komai ba." Ta ture tsakuwar gefe. "Na so in ƙarasa renonka. Rabi na yi."

Ban san abin da ake cewa ba, har yanzu ma ban sani ba. Ina da yara yanzu, ina tashinsu addu'a da asuba, kuma sau da yawa ban tabbata ko muryar wa suke ji a bakina ba, tata ko ta Kawu.

Iyakar abin da na iya tunawa ke nan. Mai yiwuwa na haɗa shekara biyu wuri ɗaya, mai yiwuwa na sa wa wani maganar da ba tasa ba, kuma na san ɓacin rai yana karkatar da alƙalami. Duk wanda ya san Gwaggo a Argungu ko a Birnin Kebbi, ya ga na kauce, ina roƙonsa ya aiko mini da gyara ta hannun Yaya, ko da gyaran zai wanke wanda na zarga.

Akwai abu ɗaya da na fi bukatar a gyara mini. Ranar Lahadin nan, lokacin da Gwaggo take takawa zuwa bencin baya, majami'a cike take da mutanen da suka san ta, wasunsu ma, na ji daga baya, Musulmi ne ke yanka musu kajin Kirsimeti a ɓoye. A yadda nake tunawa, ba wanda ya tashi, ba wanda ya ce a dakata, har Baba. Amma ni yaro ne, kuma a gaba nake zaune, ba na ganin bayana. In akwai wanda ya tashi, ko wanda ya ga wani ya tashi, don Allah ya sanar da ni. Ina so ƙwarai a ce na yi kuskure.